Kalmar da Ta Kuɓuce wa Baba a Cikin Sambuk

Shekaruna tamanin da huɗu bana, kuma abin da zan ba ku labarinsa ya auku ne shekara hamsin da ɗoriya da suka shige, sa'ad da Jidda take ƙaramar alƙarya mai warin kifi da gishiri, ba wannan da kuka buɗe ido kuka tarar ba. Da an bar ni da ban tayar da maganar ba, gama abin da ya gudana tsakanin ɗa da mahaifinsa ba kayan kasuwa ba ne. Amma jikata Ruƙayya ta dawo daga wani biki a unguwar Kurayyat idonta jawur, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce, ai jikar mutumin nan ce da ya ji tsoron ruwa, ya sauka daga jirgi ya bar tsohonsa ya tafi shi kaɗai. Ashe maganar tana da rai har yau. To, tun da masu faɗinta ba su gaji ba, ni ma ba zan kwanta dama da tawa a ciki ba. Ku karanta, ku 'ya'yana, sa'an nan ku fassara wa naku 'ya'yan da Larabci a hankali, waɗanda Hausa ke shiga kunnensu amma ba ta zauna a bakinsu ba.

Kakanku, Malam Isiyaku wanzami, mutumin ƙasar Zazzau ne. Ya baro garinsu yana saurayi da niyyar sauke farali, a ƙasa, yana yada zango yana aski, in damina ta riske shi ya yi ƙodago a gonakin mutane, in kaka ta yi ya ɗaure kayansa ya ƙara gaba. A Gadarif ta ƙasar Sudan ya yi aure, can aka haife ni, ina da wayo muka ƙetaro Bahar Maliya. Ya yi Hajji, ya maimaita, mahaifiyata ta rasu aka rufe ta a nan Jidda, shi kuwa ya zauna gindin wani bango kusa da kasuwa da askarsa da ƙahonsa har furfura ta gama da gemunsa. Duk da haka bai taɓa yarda cewa ya zauna ba. Muna unguwar kudu inda mutanenmu suka yi yawa, cikin sandaƙa, wato ɗaki na katako da gwangwanayen da aka fasa aka miƙar, rufinsa tsohon kwano. A gabansa ba wanda ya isa ya kira wurin nan gida. In yaro ya manta ya ce zai tafi gida, sai ya ɗago kai ya ce:

"Masauki dai. Gida yana yamma."

Da na girma na koyi aikin kafinta wajen wani maigida a unguwar Bagdadiyya, mai yin tagogin katako na manyan benaye. Da hannuna ya faɗa, na roƙi Baba ya bar ni in rushe sandaƙar in tayar da ɗaki biyu na dutse. Ya ce a gaya mini matafiyi ba ya gini, wa na taɓa gani ya dasa rimi a zango? Na ce "a gaya mini", kuma da gangan na faɗa, domin wannan ne abu na biyu da ya kamata ku sani. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni har muka rabu, kakanku bai taɓa kama sunana da bakinsa ba, bai kuma taɓa duban idona ya yi mini magana ba matuƙar akwai mutum na uku a wurin. Ko muna zaune a tabarma ɗaya, sai ya juya ga wanda ke kusa ya ce a gaya wa wancan kaza. Ku da kuka tashi kuna ganin Larabawa suna sumbatar 'ya'yansu a bakin titi kuna iya ɗauka ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma a wurin mutanen da, gwargwadon nauyin abu a zuciya, gwargwadon yadda baki ke kauce masa.

A shekarar da nake magana, da sanyi ya fara shigowa, gwiwoyinsa suka soma gaza masa, hannunsa ya fara rawa a kan aska. Ran nan bayan la'asar ya ce wa amininsa Malam Tanko, wani Bakano mai sayar da turare wanda suka tsufa suna tsokanar juna, lokaci ya yi, zai koma inda aka binne cibiyarsa tun ƙafa tana ɗaukarsa. Malam Tanko ya ce shi ma ya daɗe da wannan a ransa, kuma ba zai zauna Bazazzagi ya riga shi ganin gida ba. Ba wanda ya ce mini in raka su. Ni na ɗora wa kaina, gama ɗan fari ba ya zama tsohonsa ya kama hanyar wata da watanni da sanda a hannu. Amma ku san abin da zan bari a baya. Ummanku tana da tsohon ciki, babbanku bai wuce wasan ƙasa ba, mai bi masa kuwa yaye ta ke nan. Maigidana na Bagdadiyya ya ce ba zai iya riƙe mini gurbi ba, kuma a lokacin an fara tsananta sha'anin takardu, wanda ya fita ba shi da tabbacin za a bar shi ya sake shigowa. Na san duk wannan. Ita ma ta sani.

"Malam," in ji ta, tana ɗaure mini ƙullin gari da busasshen kifi, "uba ɗaya ne, ba a canza shi. Ka tafi. Mu Allah yana nan, maƙwabta suna nan."

"In na kai shi zan juyo, ko da ƙafa ne."

"Na sani. Ka dai ƙara wa kwanon nan ƙusa kafin ka fita, yana kuka in iska ta taso."

Na hau na ƙara, na aza duwatsu a kusurwoyi, iyakar abin da ruɓaɓɓen kwano zai iya ɗauka.

Akwai babban jirgi mai hayaƙi da ke ƙetarewa a zamanin, amma Baba ya ce da sambuk ya zo, da sambuk zai koma. Sambuk jirgin katako ne mai doguwar dirka a tsakiya, ana ɗaura masa ƙaton ƙyalle iska ta tura shi. In iska ta yarda a tafi, in ta ƙi a zauna. Mai jirgin, wanda ake ce wa Rayyis Hamid, mutumin Sawakin ne, tashar gaɓar Sudan inda za mu sauka, baƙi siriri mai jajayen idanu, ya daɗe yana zuwa wurin Baba ana yi masa ƙaho. Kafin ranar tashi Baba ya bi unguwa ƙofa ƙofa yana neman gafara. Ya ba wani almajirinsa na wanzanci aska da ƙaho, ya ba liman tabarmarsa ta kirki, ya je maƙabarta ya tsaya ya daɗe. Ranar tafiya unguwa ta ɗebo ta raka mu har Bunt, inda ƙananan jirage ke ɗaukar mutane, mata suna kuka, maza suna ta addu'a. Muka hau da hantsi. Aka janye jirgin zuwa matsaya, cikin kewayen duwatsun murjani da suka tsare bakin tekun Jidda, ana jiran iskar arewa ta cika ƙyalle mu fita.

Ba ta cika ba. Wajen azahar ta ɗauke ɗif, sararin sama ya yi nauyi, riga ta manne a jiki, teku ta kwanta kamar man da aka zuba a faranti. Na ga Rayyis ya tsaya a ƙarshen jirgi yana duban kudu, inda gefen sama ya yi launin toka. Ya tofar da yawu ya ce kalma ɗaya:

"Azyab."

Wannan ita ce iskar kudu, mai zafi da laima, wadda ke zuwa daidai daga wajen da muke son nufa, kuma wani lokaci da hadari a bayanta. Ya sa ma'aikatansa suka sauke ƙyalle suka naɗe, suka jefa anka ta biyu, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, suka ƙara ɗaure buhunan kaya. Kafin la'asar iskar ta iso. Tun daga ranar muka shiga zaman da ban taɓa yin irinsa ba, ga tudu muna gani, ga hanya muna gani, ba mu da ko ɗaya. A waje raƙuman ruwa suna fashewa a kan murjani, fari fat, da ruri kamar na taron shanu. Abin da ya tsallako ciki ya ishe mu. Jirgin ya ɗaga hanci, ya sunkuya, ya karkata, igiyoyin anka suna ƙara, katako yana kuka a kowace gaɓa. Mai dafuwa yana da akwatin yashi da yake hura wuta a ciki, sai ya riƙe tukunya da hannu har shinkafa ta nuna, wani lokaci kuma feshin ruwa ya kashe wutar mu ci dabino da busasshen burodi. Gishiri ya bushe a fuskokinmu. Komai ka taɓa da danshi.

Malam Tanko ne ya fi shan wuya, amma bakinsa bai kwanta ba. Yana kwance a kan buhu, fuska ta yi fari, zai ɗago ya ce:

"Ashe teku ma Bazazzagiya ce, ba ta san girman baƙo ba."

"Ta san baƙo," in ji Baba. "Kai ne ta gane."

Salla kuwa a zaune muke yin ta, kuma da yake jirgi yana juyawa a kan ankarsa, alƙibla ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wata rana Malam Tanko ya idar ya shafa, ya dubi Baba.

"Malam Isiyaku, ga fatawa. Na yi kabbara ina duban Makka, na yi sallama ina duban Sawakin. Sallar nan ta wa ce?"

"Ta Bakano ce. Ku ko a tudu kuka tsaya, rabin fuskarku kasuwa take duba."

Ni kuwa da aka ce na ji tsoro, bari in faɗa muku inda nake a kwanakin nan, ba don alfahari ba sai don a san gaskiya. Ko sau ɗaya cikina bai juya ba. Ina cikin masu kwarfe ruwa daga gindin jirgi da gwangwani, muna miƙa wa juna. Da katakon da ake ɗaure igiyar anka ya tsage, ni na kwanta rub da ciki a hancin jirgi, ruwa yana rufe ni yana buɗewa, na ɗora masa wani na buga. Abin da ke cin raina ba ya cikin ruwa. Yana can tudu. In iska ta share hazo, ana ganin Jidda sarai: fararen benaye, hasumiyoyin masallatai, sa'an nan can kudu, ƙasa ƙasa, ƙyallin kwanon unguwarmu. Na kan zauna in ƙura wa wurin ido ina lissafin wane ƙyalli ne namu. In na juyo sai in ga Baba shi ma can yake kallo, da ya lura da ni sai ya mayar da ido ga carbinsa.

Da zaman ya yi tsawo, wata safiya iska ta ɗan lafa, Rayyis ya zo ya tsuguna gaban tsofaffin.

"Ya Hajj, azyab ba ta da alkawari. Ku sauka ku kwana a ɗakunanku, ku ci abinci mai zafi. In ta arewa ta dawo zan aiko."

Malam Tanko har ya fara laluben takalmansa. Baba bai motsa ba.

"Rayyis, na bi ƙofa ƙofa na nemi gafara, an yafe mini, na yafe. Mata sun yi kukansu sun share hawaye. Askata tana hannun wani, tabarmata tana ƙarƙashin wani. In koma in ce musu me? Ku dawo mini da tabarma, ku kuma tanadi wani kukan na jibi? Wanda aka yi wa rakiya ba ya komawa ya yi sallama a ƙofa."

Malam Tanko ya ajiye takalmin ya ce Allah ya isa tsakaninsa da taurin kan mutanen Zazzau. Tun da Baba bai sauka ba, ni ma ban sauka ba, alhali kuwa da ƙaramin kwalekwale kafin a dafa shayi na isa.

Sa'an nan ranar hadarin ta zo. Bayan azahar sama ta haɗe daga kudu maso gabas, baƙi ƙirin, har duwatsun bayan gari suka ɓace. Kun san ruwan Jidda: sai a shekara ba a ga ɗigo ba, ran da ya zo kuwa sai ya zo da na bara da na bana. Aka yi tsawa, iska ta juya ta bugi jirgin a gefe, ruwa ya sauko kamar ana juye tulu. Muka shige ƙarƙashin wata rumfar tabarma da aka ɗaura a bayan jirgi, ni da tsofaffin biyu, gwiwa tana gugar gwiwa. Ta gefen rumfar muna ganin gari yana nutsewa cikin ruwan sama. Benaye suka dushe. Unguwarmu ce ta ƙarshe, na ga wani abu mai faɗi ya tashi daga cikinta ya yi sama yana juyi kamar ganye, na san kwanon wani ne. Baba ya miƙa wuya, ruwa yana zuba a rawaninsa bai sani ba. Sai na ji ya ce, ba da ni ba, ba da kowa ba:

"Rufin nan ba zai ɗauka ba. Ga yara a gida, ga mai ciki a gida."

Malam Tanko ya leƙo daga cikin buhun da ya lulluɓa da shi.

"Wane gida, Malam? Na Zazzau? Lalle idonka da kyau, daga nan kake hango shi?"

Ya fara dariya, sai ya dubi fuskar amininsa, ya haɗiye sauran. Carbin Baba ya tsaya a hannunsa. Na ga leɓensa ya motsa kamar mai son ya kamo kalmar ya mayar da ita, amma ta riga ta fita, kuma sau biyu. Har ruwan ya tsagaita, har aka kawo shayi ya girgiza kai, har rana ta faɗi, bai sake magana ba. Ni ma na yi kamar ban ji ba, domin wannan ne iyakar ladabin da zan iya yi masa a wurin da babu inda mutum zai kauce.

Washegari da safe teku ta ɗan sauka, sai ga Abdu mai huri. Huri ɗan kwalekwale ne na gungume ɗaya, da shi Abdu yake kawo wa jiragen da ke matsaya ruwan sha da burodi. Sa'ana ne, haifaffen Jidda, kakanninsa mutanen Katsina, Hausarsa rabi Larabci. Ya kama igiyar jirginmu da hannu ɗaya, ya ɗaga kai ya gaida Baba.

"Ya Ammi, sel ya shiga unguwa, wallahi ambaliya har gwiwa. Sandaƙa da yawa sun kwanta."

"Tamu fa?" in ji ni.

"Taku tana tsaye, amma rufi ya tafi, rabi. Iyali bi khair, lafiya lau, suna ɗakin Hajiya Mairo maƙwabciya. Matarka ta ce in faɗa maka kada ka damu, halas, ka yi tafiyarka."

Na yi hamdala. Na miƙa hannu zan karɓi burodi, sai na ji muryar Baba a bayana.

"Tanko, a gaya wa wancan ya ɗauki ƙullinsa ya bi mai huri."

Na juyo. Tun da ta bakin Malam Tanko aka biyo, ni ma ta nan na mayar.

"Baba Tanko, a gaya wa Baba an ce suna lafiya. Maƙwabta za su rufa musu. Na yi niyya, ba zan sauka ba."

"Ikon Allah," in ji Malam Tanko. "Na zama wayar tangaraho, ga ciki ba komai. Malam, ka ji dai."

Baba ya gyara zama. Idonsa yana kan Malam Tanko, amma kowace kalma ni take nufa.

"A gaya masa jiya bakina ya faɗi abin da na yi shekara da shekaru ina hana yara faɗi. Ban yi niyya ba, amma baki in ya suɓuce ba ya ƙarya. Na kwana ina juya ta. Ni nawa gidan yana yamma, can zan tafi. Nasa ga shi can babu rufi. Ran da na baro tsohona na ce masa damina biyu zan yi. Hanyar nan na san ta, ba ta mayar da mutum ran da ya ce. Ba zan ɗauke shi daga nasa in kai shi nawa ba, 'ya'yansa su tashi suna tambayar mutane kamanninsa."

Na ce a gaya masa ni ba zan yi damina biyu ba, kai shi kawai zan yi. Na ce gwiwoyinsa ba za su iya hawa da saukar mota ba, wa zai ɗebo masa ruwan alwala, wa zai ɗauki kayansa? Na ce me mutane za su ce? Wannan ce rana ta fari kuma ta ƙarshe da na mayar wa mahaifina magana. Ya bari na gama.

"To, a gaya masa in bai sauka ba ni zan sauka. In kuwa ƙafata ta sake taka Jidda, ba za ta ƙara hawa jirgi ba har a ɗauke ni. Ya zaɓa. Ko ya sake ni in tafi, ko ya riƙe ni."

Ku da kuka san shi ta bakina kawai, ku sani kakanku ba ya faɗin magana don ya tsorata mutum. Har ya dafa gefen jirgi zai miƙe. Na tsaya a wurin nan jirgi yana lilo da ni, na auna. In na nace, zai sauka a gaban mutanen da suka yi masa rakiya, ba aska ba tabarma, ya ƙare kwanakinsa yana duban yamma, kuma ni na jawo. In na sauka, zai kama hanya da tsoho ɗan'uwansa, kuma zuciyata ta gaya mini ba zan sake ganinsa ba. Babu mai daɗi a ciki. Na zaɓi wadda nauyinta zai hau kaina, ba kansa ba.

"Yalla, ya najjar," in ji Rayyis a hankali, wato kafinta. "Ruwa zai sake tashi."

Na ɗauko ƙullina, na ciro garin da kifin na ajiye gefen Malam Tanko. Na tsuguna gaban Baba. Ya ɗora hannunsa a kaina, ya bar shi ya daɗe, fuskarsa tana wajen amininsa.

"A gaya masa na yafe masa duniya da lahira. A gaya masa kuma, in ya tashi gyara, kada ya mayar da kwano a kan gwangwani. Ya yi na dutse."

Malam Tanko ya share ido da gefen buhu ya ce gishiri ne ya shigar masa.

"Je ka, Haruna. Bazazzagin nan a wuyana yake. In ya gaji in goya shi, in mun isa danginsa su ba ni tukuici."

Haka na sauka. A Bunt akwai 'yan dako da masu jiran kaya, mutanenmu da yawa a cikinsu. Suka ga na fito daga huri a jiƙe, ni kaɗai, teku tana ta haushi a bayana, jirgi yana can da tsoho a ciki. Abin da ido ya gani ke nan, kuma daga nan maganar ta tashi. Wani ya tambaye ni ina Malam, na ce yana jirgi. Ban ƙara ba, a ranar ko bayanta. In zan wanke kaina sai na faɗi dalili, in kuwa na faɗi dalili sai na ce dattijon da ya cika unguwa da "masauki dai" bakinsa ya kuɓuce a gaban Bakano. Na ga gara a ce ɗa matsoraci ne da a yi dariyar uba. Na roƙi Abdu shi ma ya yi shiru, ya kuwa riƙe. Ummanku kaɗai na gaya wa. Na same ta tana shanya tabarmi a kan igiya, ƙafarta cikin laka. Ta dube ni, ta dubi bayana.

"Ina Baba?"

"Ya koro ni."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta daɗe a haka.

Ina kan rufin sandaƙa da guduma a hannu ran da iskar arewa ta dawo. Na ga ƙyallen ya hau dirka, ya cika, jirgin ya bi ta ƙofar murjani ya fita, ya ƙanƙance har ya zama kamar farin tsuntsu a kan ruwa. Na gama buga layin da nake kai kana na sauko. Ba a daɗe ba Ummanku ta sauka, haihuwa mai wuya, ni na ruga na ɗauko ungozoma, ni na nemo motar da ta kai ta asibiti da abin ya ƙi. Wadda aka haifa ita ce uwar Ruƙayya.

Labarin Baba sai da alhazai suka zo ya iso mini. Sun ƙetare lafiya, sun kai Gadarif, can zazzaɓi ya kama shi a gidan wani kawuna, ɗan'uwan mahaifiyata, can ya cika. Bai ga Zazzau ba. Malam Tanko ne ya wanke shi ya sa shi a kabari, sa'an nan ya wuce Kano. Mutane suka ce da ɗansa yana tare da shi da ya kai. Mai yiwuwa ne. Wannan tambaya na ɗauke ta na yi aure-auren 'ya'ya da ita, na yi gini da ita, na ƙaura zuwa unguwar Madain Fahd da ita, kuma ba ni da amsarta. Ban wanke mahaifina ba, ban ɗauki makararsa ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban taɓa cewa kaɗan ne ba. Amma tsoro bai sauke ni daga jirgin nan ba. Umarni ne ya sauke ni, na wanda yake da ikon ba ni umarni. Na rufe masa asiri muddin akwai masu yi masa dariya a raye. Yanzu sun ƙare, saura jikoki masu kuka a kan abin da ba a yi ba, kuma na san wanne Baba zai zaɓa tsakanin asirinsa da hawayensu.

Waɗanda suka ji da kunnensu su uku ne. Malam Tanko ya rasu a Kano, Allah ya jiƙansa, ya cika alkawari iyakar ƙarfinsa. Rayyis Hamid ya daɗe da bin sa. Saura Abdu mai huri, yana nan Kurayyat a gidan ɗansa, ido ya tafi amma hankali garau. Shi ne ya riƙe igiyar jirgi da hannu ɗaya tun daga farkon maganar har ƙarshenta. Ku je ku gaishe shi tun yana nan, ku tafi da Ruƙayya, ku ce masa Haruna kafinta ya kwance masa baki. Bayansa kuma akwai Wanda ya tayar da iskar, Shi ma yana wurin.